Shingen Da Ke Tsakanin Gonaki Biyu

A garuruwan Ikara da Makarfi da Kudan, idan aka ambaci ƙasar Tailan, abin da zai fara faɗo wa mutum a rai shi ne shinkafa, watau 'yar buhun nan da ta daɗe tana shigowa kasuwannin ƙasar nan. Amma mutanen Tailan suna da wata hajar da suke fitarwa waje, ita ce wasannin kwaikwayo na talabijin, waɗanda su can suke kira lakon. Da dare ake nuna su bayan an gama labarai, galibinsu kuwa labarin soyayya ne. A cikinsu akwai wani wanda manomin rake na Makarfi zai gane kansa da gindinsa ko da ba a yi masa tafinta ba.

Sunan wasan Duang Jai Akkanee, Tasha ta 3 ta Tailan ce ta nuna shi a shekarar 2010. Shi ne ya fito da 'yan wasan nan biyu, Nadech Kugimiya da Urassaya Sperbund, waɗanda daga baya suka yi fice a ƙasar tasu. Labari ne na gidaje biyu masu gonakin kiwo a maƙwabtaka, shinge ne kaɗai ya raba su. Magidantan biyu ba sa ga maciji da juna, asalin gabar kuwa mace ce: tun suna samari suka yi takarar neman aurenta, ɗaya ya samu, ɗayan ya riƙe abin a zuci. 'Ya'yansu, Akkanee da Ajjima, suka tashi suka tarar da ƙiyayyar, suka ɗauka kamar yadda ake ɗaukar gado, ba a haɗuwa a bakin shinge sai an yi cacar baki. Daga tsokana da ramuwa sai so ya shiga. Nan fa aikin ya koma na shawo kan uban yarinya.

Wannan zance ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. A Zariya aka buga littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a shekarun 1930, shi ma a kan takarar aure aka gina shi. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya aure ta, Abubakar kuma ya tashi haiƙan neman ramuwa, har sharrin ya faɗa a kan ɗan da ta haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A labaran biyu duk 'ya'ya ne suka biya bashin iyaye. Bambancin kawai shi ne, marubutan Zariya sun bar gabar ta ci gidan, su kuwa masu wasan Tailan sun kashe wutar da aure.

Masu kallo a Arewa sun san ɗaya hanyar da irin wannan labari yake bi. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Kano da sauran birane. A cikin waɗanda suka yi suna a Indiya akwai Qayamat Se Qayamat Tak na shekarar 1988, inda Aamir Khan da Juhi Chawla suka fito a matsayin 'ya'yan gidaje biyu da jini ya shiga tsakaninsu. Suka gudu tare, aka bi su, dukkansu suka mutu. Tafarkin Romeo da Juliet ke nan na Shakespeare, mutumin Ingila, wanda sai a kan gawa iyaye suka shirya.

Abin lura shi ne, da marubutan Kano suka shiga rubuta littattafan soyayya, ba su cika ɗaukar gabar gidaje biyu ba. Katangar da suka fi ginawa tsakanin masoya ita ce ta dukiya da auren dole, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi a In Da So Da Ƙauna a shekarar 1991, inda 'yar masu hali ta so talaka. Wannan matsalar birni ce. A ƙauye kuwa, inda kusan kowa manomi ne, abin da yake raba gidaje ya fi kusa da na wasan Tailan.

Duk dagacin da ya daɗe a kan mulki ya san lokacin da ƙararraki suke yawa: farkon damina, sa'ad da ake sharar gona, garma ta ci kunya ɗaya ko biyu ta maƙwabci. Iyakar gona a wannan yanki sau da yawa gamba ce, ko bini-da-zugu, ko wata bishiya da kakanni suka shuka. Idan bishiyar ta faɗi, dattawan da suka shaida rabon kuma suka kwanta dama, sai gardama ta tashi. A fadama, inda ake noman rake da tumatir, abin ya fi tsanani, domin taki ɗaya na ƙasa kuɗi ne. Magana takan tashi daga gaban mai unguwa zuwa ga dagaci, ta je ga hakimi, wani lokaci har gaban alƙali. Alƙali yana iya yanke hukunci a kan ƙasar, amma ba ya iya tilasta wa mutum biyu su koma gaisawa.

Bugu da ƙari, a nan masu gabar ba kasafai suke zama bare da juna ba. Sau da yawa 'yan uba ne da rabon gado ya ɓata, ko 'ya'yan wa da ƙane da suka nemi sarauta ɗaya. Masallacinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, 'ya'yansu kuma makarantarsu ɗaya. Malamai ba su gushe ba suna tunatarwa cewa Musulunci ya hana mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, amma ana samun gabar da takan shekara ashirin.

Idan so ya shiga tsakanin 'ya'yan irin waɗannan gidaje, hanyar fim ɗin Indiya a toshe take. Gudu ba ya ɗaura aure, domin a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ba a aurar da budurwa sai da waliyyi. Don haka dole a bi ta kan uba, ko a nemi baffa ko kawu ko liman da yake jin nauyinsa. Watau aikin da saurayin wasan Tailan ya sha wahala a kansa, na haƙuri da wulaƙancin suruki har zuciyarsa ta yi sanyi, shi ne ainihin aikin da yake gaban saurayin Hunƙuyi ko na Ikara. Su ma dattawa sun daɗe da sanin amfanin abin, shi ya sa wani lokaci su da kansu suke ƙulla auren zumunci don ɗinke ɓaraka, ko yaran suna so ko ba sa so.

Sai dai wasan talabijin yana ƙarewa ne daidai inda magana take farawa a ƙauye. Da iyaye sun haɗa hannu sai a rufe labule. A gidan Bahaushe kuwa, yarinyar ce za ta tare a cikin mutanen da aka rene ta a kan ƙin su, ta zauna da uwar miji da facaloli waɗanda ba su manta da abin da ubanta ya faɗa a gaban dagaci ba. Ɗan saɓanin da a wani gida za a kashe shi a ɗaka, a nan yana iya tono tsohuwar shari'a. In ta yi yaji, waɗanda za su zo biko su ne mutanen da ubanta ya rantse ba za su taka zaurensa ba. In ta sami juna biyu, al'ada ta ce ta koma gida goyon ciki, ran suna kuma dole maza na gidajen biyu su zauna a tabarma ɗaya a raba goro.

Jaririn da aka raɗa wa suna a ranar yana da gado ta wajen uba, uwarsa kuma tana da nata rabon a gidansu. Idan rai ya yi tsawo, yana iya wayar gari kunyoyin da kakanninsa biyu suka yi shari'a a kansu duk sun zama nasa, hagu da dama na gambar.