Yadda ake ƙone dafin isansi cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa

Cikin isansin da muke zuba wa mota akwai wani sinadari mai suna benzen. Yana narkewa cikin ruwa, kuma wanda ya daɗe yana shan sa yana iya kamuwa da sankarar jini. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na miligiram a lita guda ta ruwan sha.

A shekarar 2011 ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana abin da suka gani a ƙasar Ogoni, kudancin Nijeriya. A Nisisioken Ogale, mutane suna shan ruwan rijiyoyin da benzen ɗinsu ya ninka wannan iyaka sau 900. Man da ke yawo bisa ruwan ƙasa ya kai kaurin santimita 8.

To, ina dabara, tun da ba a iya yashe ruwan ƙasa kamar yadda ake yashe rijiya? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a kai wa dafin magani har inda yake. Ana haƙa ramuka, a tura ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi a gidan likita, amma mai ƙarfi ƙwarai, tare da gishirin ƙarfe. Wani masani Ba'ingile, Fenton, shi ya gano ƙarfin wannan haɗi a 1894. In ya tarar da benzen sai ya farfasa shi, ya koma ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi. Ƙuna ce ba tare da harshen wuta ba.

Sai dai aikin ba ya son gaggawa. Tilas a fara toshe inda man ke yoyo, a zuƙe wanda ke yawo bisa ruwa, in ba haka ba an yi asarar magani. Haɗin yana kawo zafi da iska, abin tsoro ne kusa da tankin mai. Cikin rairayi maganin yana ratsawa sosai. Cikin laka kuwa ba ya shiga, benzen ya laɓe can, bayan watanni ya sake fitowa. Shi ya sa ma'aikacin da ya auna ruwa mako guda bayan aikin ya ce an gama, bai gama ba. Sai an yi ta aunawa, sau da yawa ma a sake tura maganin karo na 2 ko na 3.