Mai Cika Tona

A shagunan buga takardu na bakin jami'a, babu lokaci mai zafi kamar na miƙa kundin kammala karatu. Ɗalibai sun yi layi, janareta na ruri, sai rubutu ya soma fitowa dishi-dishi. Mai shago ya zaro katirij, ya girgiza shi hagu da dama, ya mayar, ya samu 'yan shafuka. Daga nan babu sauran dabara sai a nemo mai cika tona.

A Kano za ka samu masu wannan sana'a a Beirut Road da kewayen Sabon Gari, wasu a ɗan lungun shago, wasu da jaka a bayan babur suna bin ofisoshi da makarantu. Kayan aikinsu ba su da yawa: ƙananan sukundireba, filaya, buroshi, mazurari, tsumma mai laushi, da robobin baƙin gari. Yawancin kayan ta Legas suke shigowa, musamman kasuwar Computer Village da ke Ikeja, asalinsu kuwa ƙasar Sin, inda birnin Zhuhai ya yi suna wajen ƙera su.

Mutane kan ce wa baƙin garin nan tawada, amma tona ba ruwa ba ce. Gari ne mai laushi kamar kwalli, na roba da baƙin launi. A cikin katirij akwai dram, wani bututu da lantarki ke cajawa. Hasken leza ya zana rubutun a jikinsa, garin ya manne a inda aka zana, ya sauka kan takarda, sannan hita mai zafin da ya kusa digiri 200 ta narkar da shi ya kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Wani Ba'amurke, Chester Carlson, shi ya gano tushen wannan hikima a 1938, kamfanin HP kuma ya fitar da LaserJet ta farko a 1984. Jikokinta ne suka cika ofisoshinmu yau.

Na taɓa kai katirij wurin wani gwani a sana'ar. Bai ko taɓa shi ba sai da ya ce in ba shi takardar ƙarshe da firintar ta buga. Ya ɗaga ta sama, ya bi ta da ido kamar malami na duba allon ɗalibi. A nan ilimin yake. Baƙin layi da ya sauko daga sama har ƙasa, galibi dram ne ya karce ko bilaidin da ke share shi ya cinye. Ɗigo da ke maimaita kansa a tazara ɗaya, tabo ne a dram ko a wata rola, duk zagaye sai ya buga. Idan gefe ɗaya ya yi fari, gari ne ya ƙare ko ya taru wuri guda. Idan kuwa ka goga yatsa rubutun ya biyo ka, to a fara duba hita ko ingancin garin.

Sai ya shimfiɗa jarida, ya zare fil biyu na gefe, katirij ya rabu gida biyu. Ya ciro dram ta bakinsa ba tare da yatsa ya taɓa jikinsa ba, ya rufe shi da takarda, domin hasken rana na lalata shi. Ya buɗe ɗakin da ragowar gari ke taruwa ya zazzage shi tas, ya goge kowace rola, sannan ya zuba sabon gari a hankali. Mai gaggawa ba ya wannan wahala. Zubawa kawai yake ya karɓi kuɗi, bayan kwana kaɗan tarkacen ya cika ya malale cikin firinta. Gaggawa aikin shaiɗan, kuma a nan mai firinta ke biyan kuɗin sabulu.

Ba kullum ake cikawa ba. Katirij na tsufa, kuma gwani na gaskiya shi ke fara ce maka wannan ya gama aiki, sayi sabo. A kasuwa iri uku ne. Akwai orijinal, mai tsada da kwanciyar hankali. Akwai ɗan Sin mai ɗauke da sunan kamfaninsa, wanda bai ɓoye ko shi wane ne ba, kuma na kirkinsa na aiki. Sai jabu, tsohon katirij da aka cika aka sa a kwali mai sunan babban kamfani, aka sayar da kuɗin orijinal. Wannan ha'inci ne, kuma shi ke zubar da mutuncin masu neman halak.

Mai saye ya riƙe lambar katirij ɗinsa. Firintar HP P1102 na cin 85A, wanda aka ƙiyasta wa shafi 1,600. Ita 1020 na cin 12A mai shafi 2,000, P2035 kuma 05A mai 2,300. Amma an yi lissafin ne kan shafin da rubutu ya rufe kashi 5 cikin 100 kacal, don haka mai buga takardun shaida masu hoto ba zai kai adadin ba. Abin dubawa shi ne nawa kowane shafi ya tasar maka, domin arha ba ta ado.

Sana'ar na da nata haɗarin. Garin na tashi ya shiga hanci, takunkumi ya zama dole, kuma idan ya taɓa riga da ruwan sanyi ake wankewa, na zafi narkar da shi yake ya kama zare.

Da gwanin nan ya gama, sai ya sa katirij a firintarsa ya buga shafin gwaji, ya goga babban yatsa a kan rubutun, ya nuna mini yatsan fes. Ni ba ni da hanyar sanin ko ya zazzage tarkacen da ban zauna na gani ba, haka ma duk mai aiko masa da katirij a leda. Amana ce jarin mai cika tona, kuma kowane shafi da ya fito shaida ne a kanta.