Shin Ko Kun San? Labarin da Ƙunzugun Jariri Ke Bai wa Likita

Shin ko kun san cewa kafin likita ya taɓa cikin jariri, kashi da amai yake fara tambaya? Sau nawa, wane launi, tun yaushe. Jariri ba shi da bakin nuna inda ke masa ciwo, don haka uwar da ta leƙa ƙunzugu kafin ta wanke ta riga ta rage wa likita aiki.

Baƙin kashin nan mai danƙo na farko ya kamata ya fita cikin awa 48 da haihuwa. Idan ya ƙi, ciki kuma ya kumbura, ana zargin cutar da likitan Denmark, Harald Hirschsprung, ya bayyana a 1886: ƙarshen hanji ne ba shi da jijiyoyin da ke tura kashi. Takan sami kusan jariri 1 cikin 5,000.

Tumbuɗi ba ciwo ba ne matuƙar yaro na ƙiba. Amma aman da ke feshi da ƙarfi bayan shan nono, tsakanin sati 2 zuwa 8, yakan nuna mafitar tumbi ta yi kauri ta tsuke, kuma ya fi kama maza. Koren amai kuwa ba a kwana da shi a gida, alama ce ta toshewar hanji. Haka farin kashi mai kama da farar ƙasa tare da shawara: hanyar madaci daga hanta ce ta toshe, tiyatarsa kuma ta fi nasara kafin kwana 60.

Shin ko kun san fitar haƙori ba ta sa zawo? Na san kakanni za su harare ni. Abin da ke faruwa shi ne, a wata shida yaro ke fara haƙori, a lokacin ne kuma yake fara rarrafe, ya ɗauki komai ya kai baki, a fara ba shi koko da ruwa, garkuwar da ya gado daga uwa kuma tana raguwa. Ƙwayoyin cuta ke ɓarna, haƙori ke shan zagi. Illar wannan suna na "zawon haƙori" ita ce yana sa a naɗe hannu ana jira.

Maɗigar da ta faɗa ma ba ciwon kai ba ne da za a shafa mata magani. Ruwan jiki ne ya ƙare saboda zawo ko amai. Ku duba sauran shaidu: idanu sun zurma, kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, in an tsunkuli fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba.

Maganin wannan ƙarewar ruwan jiki kuwa ba a asibitin alfarma ya nuna kansa ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari ana shayar da marasa lafiya, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Sirrin shi ne sukari ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su. Shi ya sa awo ke da muhimmanci: ƙunshi ɗaya na haɗin gishiri da sukarin cikin lita ɗaya ta ruwa, ba a ƙara sukari don daɗi. A haɗa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a janye nono.

Babbar mai haddasa zawo mai tsanani ga ƙanana ita ce ƙwayar cutar rota, wadda Ruth Bishop da abokan aikinta suka gano a Melbon ta Ostireliya a 1973. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, sai rigakafin da ake ɗigawa a baki. Gana ta fara ba da shi a 2012, Nijar a 2014, Najeriya sai a 2022. Wani nau'insa mai jure zafi kuwa, a kan jariran Madarumfa da ke jihar Maraɗi aka gwada shi, sakamakon ya fito a 2017.