Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Mabukata Ba Tare da Ƙirga Kowane Gida Ba

Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na waɗanda suka cancanci zakka. Sanin adadinsu a kowace gunduma kuwa aiki ne da ya rataya a wuyanmu. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka kammala a Nijeriya ita ce ta 2006, ga shi bin gidajen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa ɗaya bayan ɗaya zai cinye wani abu daga haƙƙin talakawa. Saboda haka muke ɗaukar samfurin ƙauyuka, mu fitar da kason gidajen mabukata, sannan mu auna sauran da shi. Hanyar tsohuwa ce: da ita masanin lissafi Laplace ya ƙiyasta yawan mutanen Faransa a 1802, ta hanyar kwatanta yawan haihuwa da yawan mazauna wasu garuruwa.

Sharaɗi na farko shi ne a zaɓi ƙauyukan da ƙuri'a. Mai sayen hatsi ba ya wadatuwa da abin da ke bakin buhu. Haka nan garuruwan bakin titi, kamar Kwanar Dangora, ba za su wakilci ƙauyukan gefen Dajin Falgore ko na tsaunukan Riruwai ba.

Sharaɗi na biyu shi ne a raba jimilla da jimilla. A ƙaddara ƙauye mai gida 400 yana da gidajen mabukata 40, wato kashi 10 cikin 100, wani kuma mai gida 50 yana da 20, wato kashi 40. Wanda ya ɗauki tsakatsakin kason biyu zai ce kashi 25 ne. Daidai kuwa shi ne a raba 60 da 450, a sami kimanin kashi 13. A gunduma mai gida 3,000, lissafin farko zai ba da gida 750, na biyu kuma 400. Rabon da aka gina kan 750 zai karkatar da hatsi da kuɗi daga wata gundumar da ta fi bukata.

Don haka muna roƙon kwamitocin masallatai su riƙa aiko mana da lambobi biyu tare: yawan gidajen mabukata, da jimillar gidajen unguwa, bayan mai unguwa ko dagaci ya tabbatar. Ƙiyasi yana nuna abin da ya kamata a ware wa kowace gunduma ne kawai. Tantance wanda zai karɓa da sunansa yana nan a hannun liman da kwamitinsa. Allah Ya karɓi zakkar masu bayarwa, Ya sa albarka a dukiyarsu.