Ƙidayar Tudu Kafin Ƙidayar Zango

 Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake masu duba wannan shafi, ga wata mas'ala da ta same ni nan Kimba ta ƙasar Jega, na ga ya kamata in shimfiɗa ta a gabanku.

Wani gardi cikin almajiraina, wanda ya riga ya sauke yana tilawa, ya zo mini bayan sallar lisha ya durƙusa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, izini na ke nema da addu'a. Ina so in hau kekena in tafi Jos wurin yayana, in ɗauki karatun littattafai can." Na ce, "Ɗana, me ya raba ka da mota?" Ya ce tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Sa'an nan ya kawo mini labarin Mamadou Safayou Barry, wani saurayi mutumin Gini, wanda ya tashi daga Konakiri bisa keke cikin watan Mayu na 2023 yana nufin Azhar ta Misira. Labarin kuwa gaskiya ne. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi, tafiyar kilomita wajen 4,000 cikin wata huɗu, aka tsare shi a hanya sau uku. Yaƙin Sudan ya tare masa gaba, sai mutanen kirki suka tara masa kuɗin jirgin sama, ya sauka Alƙahira cikin Satumba, Azhar ta karɓe shi ta ɗauke masa nauyin karatu.

Ban kushe himmar yaron ba. Na tambaye shi iyakar tafiyarsa a yini. Ya ce yakan je Birnin Kebbi ya komo rana ba ta faɗi ba, yakan kuma ɗauko buhun albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega bai sauka ko sau ɗaya ba. Na ce, "Madalla. To, tudu nawa ka hau a cikin wannan?" Ya yi shiru yana kallon ƙasa.

Ku sani, mu mutanen wannan yanki 'ya'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Fadamar Gulbin Zamfara ta rene mu, idonmu ya saba da hango abu tun daga nesa, saboda haka in za mu yi tafiya nisa kaɗai mu ke tambaya. Garin Jega bai kai mita 300 bisa teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Watau wanda ya tashi daga nan zai ɗaga kansa da kekensa da kayansa sama kusan mita 1,000, in da hanyar miƙaƙƙen tsani ce. Alhali kuwa ba haka ta ke ba. Ka hau, ka gangara rafi, ka sake hawan abin da ka riga ka hau, har jimlar hawan ta ninka wancan lissafi.

Ni kaina na sha wannan darasi da ɗaci. A 1993, shekara biyu bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ina cikin ƙuruciya, na ɗaure albasa bayan keke na nufi Zuru, don an ce mini tana tsada can. Na bi ta Maiyama na kwana Koko ina jin kaina kamar ingarma. Kashegari da na karya gabas ta hanyar Mahuta da Dabai sai ƙasa ta soma ɗagawa. Babu wani tudu guda da za a nuna a ce shi ne ya kā da ni, ƙanana ne, amma wani na bin wani kamar 'ya'yan carbi. Kafin azahar jijiyar cinyata ta ɗaure, ruwan gorata ya ƙare, na koma turi. Na sayar da rabin albasar a wani ƙauye da faɗuwa don in rage nauyi. Da la'asar, a wata gangara, robar birkina da ta riga ta cinye ta ƙi kamawa, na tafi da gudu har cikin kwazazzabo. Tsintsiyar hannuna ta hagu har yau tana tuna mini in sanyi ya shigo. Masu ɗorin Aliero, Allah ya saka musu da alheri, su suka ci ribar wannan fatauci.

To, ga lissafin abin, ku fatake kun fi ni iya shi. In an ce tudu yana da 5 cikin 100, ma'ana duk tafiyar mita 100 hanya ta ɗaga mita 5. A irin wannan tudu, kashi ɗaya cikin 20 na dukan nauyinka yana jan ka baya. Mutum mai kilo 65, da kekenmu mai sanda irin Raleigh ko Phoenix wanda ya kusa kilo 20, da guzuri kilo 15, sun tashi kilo 100. Ke nan kamar an ɗaura maka igiya ta baya an rataya mata dutse mai kilo 5, kana ja ba hutu. Ƙara buhu mai kilo 50, dutsen ya koma kilo 7 da rabi. A shimfiɗe kuwa wannan igiya babu ita sam, in keke ya ɗauki gudu nauyi ba ya damunka ƙwarai. Wannan shi ya ruɗe ni, shi ya ke neman ruɗin almajirina.

Saboda haka na ce masa ya ɗauko allo. Na ce, "Yaya ka hardace Alƙur'ani?" Ya ce da kaɗan kaɗan. Hakika izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480, kuma ba a taɓa jin malamin da ya rubuta wa kolo izu guda ranar farko ba. Akan ba shi abin da zai iya wankewa, in ya zauna a ƙara, ranar Alhamis da Juma'a a huta. Hawan tudu ma haka za a yanka masa haddi. Na sa shi ya nemi tudu guda kusa, ko da inda hanya ta ke fitowa daga fadama ta hau jigawa ne, ya auna shi. Wayar hannu ta zamani tana nuna tsawon hawa, shi kuwa yana da abokin da ke da irinta. Alal misali, tudu mai tsawon mita 400 da ɗagawar 5 cikin 100 yana ba ka mita 20. Ka hau shi sau 5, ka sami 100. Sau 10, ka sami 200. Duk hawa guda ya ja layi a allo, kwana uku a mako, sauran kwanaki tafiyar shimfiɗe ko hutu. Kowane mako ya ƙara hawa biyu ko uku, mako na huɗu ya rage rabi don jiki ya warware. In ƙaramin tudun ya zama masa wasa, sai ya je tudun Dukku a Birnin Kebbi ko tuddan da ke kewaye da Gwandu.

Haddin da na yanka masa shi ne, ba zai sa ranar tashi ba sai ya iya hawan mita 600 a yini, da dukan kayan da zai tafi da su a ɗaure, kwana biyu a jere, ya kuma tashi sallar asuba ta uku ya yi ruku'u ba ya cije baki. Kwana na biyun nan shi ne ma'auni. Kowane saurayi yana iya ƙure kansa yini guda, amma matafiyi gobe ma hanya na jiransa.

Kada ku zaci wannan dabara tawa ce ni kaɗai. Turawa masu tseren keke ba sa faɗin nisan hanya sai sun haɗa da jimlar hawanta. A Satumba 2025 aka yi gasar keke ta duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda, karo na farko a Afirka. Nisan tseren manyan maza kilomita 267 da ɗoriya ne, amma abin da ya razana su shi ne hawa fiye da mita 5,400. Tadej Pogačar mutumin Silobeniya ya ci, mafi yawan waɗanda suka tashi kuwa ba su ƙarasa ba, alhali duk gwanaye ne. Akwai kuma waɗanda su ke zaɓen tudu guda su yi ta hawa da sauka ba barci, har jimlar ta kai mita 8,848, tsawon dutsen Everest. Wanda ya fara yin haka, George Mallory, ya yi shi a Ostareliya a 1994, jika ne ga mai wannan suna da ya halaka a kan dutsen a 1924. A ganina wannan wasan ƙoshi ne, ba na kuwa umurtar kowa da shi. Sai dai ya nuna cewa ƙaramin tudu in an maimaita shi yana tsayawa matsayin babba, wannan kuwa bushara ce ga mutumin Kimba.

Game da keken kansa, abu guda ya fi komai. Kekenmu giya ɗaya gare shi. In faifan haƙora na gaba yana da haƙori 44, na baya 18, duk juyin feda guda yana tura ka wajen mita 5 da rabi. A hanyar Aliero wannan daɗi ne, a tudu azaba. Ka je wurin mai gyara ya sa maka na baya mai haƙori 22, a ƙara wa sarƙa tsawo kaɗan, juyi guda ya koma wajen mita 4 da rabi. Za ka rage gudu, samari su wuce ka suna dariya, amma gwiwarka za ta kai ka. Wanda Allah ya hore wa keke mai giya da yawa, ya sauya zuwa mai sauƙi tun daga gindin tudu, kada ya bari sai ƙafa ta yi nauyi. Ya hau yana zaune, da numfashin da zai iya amsa sallama da shi. In tudu ya fi ƙarfi, a sauka a tura. Ban ga abin kunya ga wannan ba, fataken dā ma sukan sauke wa jaki kaya a wurin hawa.

Gangara kuwa ta fi hawa kisa, ni shaida ne. A sa sabuwar robar birki gaba da baya, a riƙe wata a aljihu tare da famfo da faci da sholisho da sifana. Birkin sanda in ruwa ya jiƙa bakin ƙafar keke ba ya kamawa da wuri. A doguwar gangara kada a danne shi a bar shi danne, ƙarfe yakan yi zafi, a riƙa kamawa ana saki, duka biyu tare. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san yadda manyan motoci su ke ƙwacewa a can. Irin wannan wuri mai keke ya sauka ya bi gefe da ƙafa.

Lokacin tashi ma abin dubawa ne. Cikin Maris da Afrilu zafin ƙasarmu yakan haura awo 40, hawan tudu a ciki neman cuta ne. Bayan kaka ya fi, ko da ya ke iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, mai nufin gabas zai sha ta a ƙirji, ita ma wani tudu ce da ido ba ya gani. A tashi da asuba, a yi ƙailula, a ƙarasa da la'asar. A sha ruwa tun ba a ji ƙishi ba, in gumi ya yi yawa a jiƙa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda. Dabino da ƙuli-ƙuli da fura su ne guzurin da ba ya nauyi, a riƙa ci kaɗan kaɗan. Salla kuwa, malamai kun sani, a mazhabarmu ta Malikiyya nisan kasaru buridi 4 ne, watau mil 48, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, wajen kilomita 80 da 'yan kai a awon yau. Zuwa Birnin Kebbi bai kai ba, zuwa Zuru ko Jos ya wuce. Sauƙi ne aka yi mana, mai gajiyar tudu kada ya ƙi shi.

Saura abin da ya fi damuna, wanda allo ba ya lissafa shi. Hanyoyin da ke fita daga nan zuwa Jos, ko ta Gusau da Funtuwa da Zariya, ko ta Yawuri da Kontagora da Birnin Gwari, duk sun sha fama da 'yan bindiga cikin shekarun nan, ƙasar Zuru ma haka. Mai keke ba shi da gudun tsira, balle a tsakiyar hawa. Na faɗa wa yaron ƙarara cewa ko ƙafarsa ta cika haddi, ba zan sa masa albarka ba sai da sharaɗi uku: yardar mahaifiyarsa, abokan tafiya, da labarin hanya daga bakin direbobin tashar Jega a makon da zai tashi. Inda suka ce ba ta biyuwa, ya ɗora keken bisa mota ya biya kuɗin wannan yanki, ya ci gaba daga inda aka sauke shi. Barry da ya ke koyi da shi ma jirgi ya ƙarasa da shi.

Yau mako bakwai ke nan da ya fara. Jiya da magariba ya kawo mini allon na ƙirga layi 17, watau mita 340, da rabin buhun yashi a bayan keken maimakon guzuri. Ya ce ranar farko sau huɗu kaɗai ya hau ya zauna gindin wata bedi yana haki, yara masu kiwo suna tambayarsa ko wani abu ya ɓace masa a tudun. Mahaifiyarsa har yanzu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. In akwai wani cikinku fatake da ya bi hanyar Zariya zuwa Saminaka da Jos kwanan nan, ina roƙonsa ya rubuto wa wannan shafi yadda ya same ta, da garuruwan da baƙo zai iya kwana a masallacinsu.