Lambu a Bokiti: Noman Wanda Ba Shi da Gona

'Yan uwana ɗalibai, in aka ce noma, gona da fartanya ne ke faɗo mana a rai. To amma fa shuka ba ƙasa take ci ba. Abin da take nema a cikinta shi ne ruwa, sinadaran abinci, iska da wurin kafa saiwa. In ka haɗa mata waɗannan a bokiti, za ta girma sarai. Wannan shi ake kira haidirofonik.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta Bernard Kratky na Jami'ar Hawai a Amurka: ba famfo, ba lantarki. Sai ka cika bokiti da ruwan da aka narka taki na musamman a ciki, ka huda murfin, ka zura ɗan kofi mai huji-huji ɗauke da dashen latas ko alayyafo cikin buntun shinkafa, gindinsa yana ɗan taɓa ruwan. Shuka na sha, ruwa na ja baya, saiwar ƙasa na bin sa, ta sama kuma tana shaƙar iska. Shi ya sa ba a sake cika bokitin maƙil. Kana yin haka saiwar za ta ruɓe. Bokitin ya zama mai duhu kuma a rufe, saboda gansakuka da sauro. Ma'aunin tsamin ruwan ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Cikin mako 4 zuwa 6 latas ya isa yanka.

Wa zai amfana? Wanda ba shi da fili, ruwansa kuma na saye ne. A sansanonin 'yan gudun hijirar Saharawi da ke Tinduf, cikin hamadar Aljeriya, injiniya Taleb Brahim ya fito da hanyar tsirar da sha'ir babu ƙasa, ya zama abincin awaki cikin kwana 7. Hukumar Abinci ta Duniya, a shirinta na H2Grow, ta kai dabarar Chadi da Peru, inda talakawan gefen birnin Lima ke noman ganye su ci, su sayar da ragowar. Hukumar ta ce ana iya rage ruwan da noma ke ci da kashi 90 cikin 100.

Sai dai a yi hattara. Bokiti ba zai ba ka gero ko dawa ba. Takin NPK na kasuwa shi kaɗai bai wadatar ba, ga kuma zafin bazara da ke rage iskar da ke cikin ruwa.

Ni dai a ganina, nan ne aikinmu yake. Masu neman taken furojet, ga shi a fili: taki mai araha, da rumfar da za ta sanyaya ruwa. Uwar da rikici ya raba da gonarta, ba ta da naira ɗari biyun alayyafo kullum, amma tana da bokiti.