Kafin ka sayi ƙaramar kyamara, tambayi girman sensa

Ƙananan kyamarorin nan na aljihu, waɗanda aka jefa cikin durowa tun da wayar salula ta iya ɗaukar hoto, sun dawo kasuwa da ƙarfinsu. Matasan TikTok da Instagram ne suka tono su, kuma yayin ya fara isowa wuraren bukukuwanmu. Tare da shi tallace-tallace suka cika wayoyin mutane: kyamara mai megafiksel 48 ko 64, mai bidiyon 4K, mai jawo nesa kusa sau 16, a farashin da bai kai na waya mai araha ba. Shi ya sa ake ta gardama. Wasu na cewa garaɓasa ce ta faɗi, wasu na cewa mai waya ba ya bukatar kyamara. Abin da ke damuna shi ne duka ɓangarorin biyu da lamba ɗaya suke kafa hujja, wato yawan megafiksel, alhali ita ce mafi ƙarancin amfani cikin lambobin da ke jikin kwalin.

Akwai dalilin da ya sa kasuwar ta rikice haka. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120, mafi yawansu ƙanana. Zuwa 2023 jimillar ba ta kai miliyan 8 ba. Casio ya bar harkar a 2018, Olympus ya sayar da sashensa na kyamara, sauran kuma suka rage ire-iren da suke yi. Da bukata ta sake tasowa sai aka tarar sababbi na kirki sun yi ƙaranci, sun yi tsada. Giɓin da aka bari, tsofaffin kayan gwanjo da kayan da ba su da sunan kamfani ne suka cike shi.

Megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne daga ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto. To nawa mutum yake bukata? Hoton da ake wankewa a saka a albam, mai inci 4 da 6, idan aka buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin bugu mai kyau, ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ya ci. Mai girman takardar A4 bai kai miliyan 9 ba. Talabijin na 4K, komai faɗinsa a bango, ɗigo miliyan 8.3 yake nunawa. WhatsApp kuwa, inda akasarin hotunanmu ke ƙarewa, matse hoto yake yi kafin ya tura. Ke nan kyamara mai megafiksel 12 ta wadatar da duk wani amfanin yau da kullum, har da rara.

Inda ingancin hoto yake shi ne sensa, ɗan farantin nan da ke bayan gilashin kyamara, wanda haske ke sauka a kansa. Ku ɗauke shi kamar gonar gado, hasken kuma ruwan sama. Idan gona ƙarama ce, ruwan da zai sauka a kanta daidai faɗinta ne. A raba ta wa magada goma ko a raba ta wa arba'in, gonar ba ta ƙara ko taku ɗaya ba, kason kowa ne ya ragu. Megafiksel su ne magadan. A shekarar da damina ta yi kyau, wato da rana tsaka a fili, kowa zai samu abin da ya samu, hoto ya fito fes ko da sensar ƙarama ce. Ranar da ruwa ya yi ƙaranci ake gane bambanci: cikin ɗaki ranar suna, zauren biki da dare, bayan magariba a tsakar gida. Nan kowane ɗigo ke samun haske kaɗan, sai kyamara ta shiga ƙara masa ƙarfi da lantarki, hoto ya fito da tsakuwa-tsakuwa, launi ya dusashe, fuskoki su yi kamar an shafe su da tsumma. Mai babbar gona ne kawai ke tsira a irin wannan shekara.

Mafi yawan ƙananan kyamarori masu araha, tsofaffi da sababbi, sensarsu ita ce wadda ake rubutawa 1/2.3, mai kimanin milimita 6 da 4.5, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Wadda ake kira ta inci ɗaya kuwa milimita 13.2 ce da 8.8, girman filinta ya ninka na ta farkon sau huɗu. Kamfanin Sony kaɗai ya isa misali. W800 ɗinsa megafiksel 20 ce, RX100 da ya fitar a 2012 ita ma megafiksel 20 ce. A kwali kamar tagwaye suke. Amma ta farkon ƙaramar sensa gare ta, ta biyun mai inci ɗaya, kuma duk wanda ya ɗauki hoto da su a ɗaki ɗaya da dare ba zai sake haɗa su ba. Sama da nan akwai irin su Ricoh GR III da Fujifilm X100VI, masu sensa irin ta manyan kyamarori, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin mai neman hoton iyali kawai.

Masu ƙera waya ma sun san wannan. Wayoyin da ake tallatawa da megafiksel 108 ko 200 ba haka suke ajiye hoto ba idan ba kai ka umarce su ba. Haɗe ɗige-ɗige suke yi, tara ko goma sha shida su koma ɗaya, hoton ya fito da kusan megafiksel 12. Sun raba gonar ne don talla, suka sake haɗe ta don a samu amfani.

Su kuwa kyamarorin nan marasa sunan kamfani, lamarinsu ya wuce rashin fahimta, yaudara ce. Da yawa cikinsu 'yar mitsitsiyar sensa ke ciki, mai megafiksel ƙalilan. Manhajar ciki ce ke kumbura hoton, tana ƙirƙiro ɗige-ɗige tsakanin na gaskiya ta hanyar kintace, har lissafi ya kai 48 ko 64. Fayil ya yi nauyi, memori ya cika, amma ko gashin gira ɗaya ba a ƙara gani ba. Alamarsu ba ta da wuyar ganewa: ba za ka ga an rubuta girman sensa ko'ina a kwalin ba, kuma gilashinsu ba ya motsi idan ka jawo abu. Rubuta lambar ƙarya a jikin kaya zamba ce ga mai saye, kuma irin wannan ne ya sa ake da hukumomin kare masu saye da kula da ingancin kaya kamar FCCPC da SON a Najeriya. Ya kamata idonsu ya kai kan kayan lantarki da ake tallatawa ta intanet kamar yadda ake sa ido kan abinci da magani, domin kuɗin talaka ne ke zurarewa. Mu ma masu saye da namu sakacin. Mutumin da ba zai sayi shadda ba sai ya murza ta ya ɗaga ta a rana, shi ne zai tura kuɗin kyamara don ya ga lamba a hoton talla.

Bayan sensa sai gilashi. A bakinsa akwai wata lamba da ke farawa da f, ko a rubuta ta kamar 1:1.8. Ƙanƙantarta ita ce alheri, domin tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske fiye da ninki uku na mai f/3.3. Idan ka haɗa wannan da bambancin sensa, Canon G7 X Mark III, mai inci ɗaya da f/1.8, tana tara hasken da ya haura ninki goma na Canon SX740 idan ba a jawo komai ba, ga shi kuma dukansu megafiksel 20 ne.

Amma SX740 na da abin da waccan ba ta da shi, tana jawo nesa sau 40 da gilashi na gaske, waccan kuwa sau huɗu da ɗan kai. Nan ne mai saye zai tsaya ya tambayi kansa hoton me zai fi ɗauka, domin kyamarar aljihu ba ta haɗa babbar sensa da zum mai tsawo haka, wurin ba zai ɗauka ba. Wanda burinsa ya ɗauki mahaya a hawan Daushe daga cikin 'yan kallo, ko ɗansa a filin ƙwallo da rana, dogon zum ne nasa, kuma a wannan fanni kyamara ta fi yawancin wayoyi nesa ba kusa ba. Wanda hotunansa na cikin gida ne da taron dare, babbar sensa da ƙaramar lambar f zai nema. A dai tabbata zum ɗin na gilashi ne, wanda ake rubutawa optical. Na dijital yanko tsakiyar hoto ne kawai a buɗa shi, abin da yatsu biyu ke yi a kan waya kyauta.

Wani abu da ba a cika faɗa ba ya shafe mu kai tsaye. Kyamara tana auna hasken wuri ne gaba ɗaya ta ɗauki matsakaici. Mutum baƙi cikin farar babbar riga ranar Sallah, ga rana a bayansa, farin zai rinjayi ma'aunin, fuska ta fito duhu. Maganin ɗan maɓalli ne mai alamar +/-, wanda ke ƙara haske ko rage shi, ko kuma a kunna fitilar kyamara ko da rana ce don ta haska fuska. A duba cewa maɓallin na kusa da hannu, ba sai an yi ta tono a cikin jerin umarni ba. Fitilar nan ma ita ce rabin sirrin hotunan da matasa ke so, domin walƙiyarta ta fi 'yar fitilar waya ƙarfi sosai, ita ke sa fuska ta fito tar bayanta ya yi duhu.

Tunda akasarin masu saye ta hannu za su samu, a riƙe ta a gwada kafin a biya. A kunna a kashe ana sauraron gilashi, idan yana gurnani ko yana tsayawa a hanya a ajiye ta, domin gyaransa kan fi kuɗin kyamarar. A zare batir a duba ko ya kumbura, a kuma tabbata ana samun irinsa da cajarsa a kasuwa. A tambayi irin memorin da take ci. Tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke amfani da shi, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, duka biyun sun yi wuyar samu. Waɗanda aka ƙera kafin 2006, ko da SD suke ci, galibi ba sa karanta wanda ya wuce gigabait 2. Sannan a jawo zum a ɗauki farin bango ko sararin sama sau biyu ko uku. Idan tabo ya bayyana wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ta hau sensa, kuma a ƙaramar kyamara ba ta fita sai an warware ta gaba ɗaya.

Wannan batu na ƙura ya fi nauyi a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ƙera kayan dominsu. Gilashin da ke fita yana komawa iska yake zuƙa duk lokacin da ya motsa, a lokacin hunturu kuwa iskar tamu rabinta ƙura ce. Kada a jefa kyamara tsirara cikin aljihu ko jaka, a samar mata 'yar jakarta mai zif, kuma kada a goge gilashi da bakin riga sai an fara hure ƙurar. Wanda aikinsa na gona ne ko yawan tafiya kan babur, ya duba irin su TG-6 ta Olympus ko TG-7 da ta gaje ta a 2023. Gilashinsu a rufe yake cikin jiki, ruwa da ƙura ba sa shiga, kuma megafiksel ɗinsu 12 ne kacal.